Ƙirgen kalori: yana rage ƙiba ko wahalar banza ce?

Assalamu alaikum jama'ar gida, mutanen Birnin Kebbi, Argungu, Jega, Yawuri, har da na Zuru, ina wuninku, ya gida ya yara. Nan Lesta ta Ingila kam sanyi ya shigo, ƙarfe huɗu na yi gari ya fara duhu. Yau ba za mu fita yawo ba, a kicin za mu tsaya, saboda tambaya guda da 'yan uwa mata sunka yi ta turo mini, wai Anti, wanga ƙirgen kalori da ake yi a waya yana rage ƙiba da gaske ko ɓata lokaci ne?

Kalori dai shi ne awon ƙarfin da abinci ke ba jiki. Ni dai abin da na gani shi ne ƙirgen yana da amfani, amma na ɗan lokaci, kuma ba a kan kowane abinci ba. Bari in nuna muku da ido don magana da baki ba ta shiga kamar gani.

Ga man gyaɗa nan, ga cokalin cin abinci. Wanga cokali guda da kuke gani, kalori wajen 120 ne a cikinsa. To ku dubi ludayin da nake zuba mai da shi in zan yi miya, bari in cika shi muna ƙirgawa tare... ɗaya, biyu, uku, huɗu, biyar, shida. Cokali 6, kalori 720 ke nan, kuma ko albasa ban yanka ba tukuna. Manja ma haka yake, man zaitun ɗin da ake ta yabo ma haka, domin giram ɗaya na kowane irin mai kalori 9 ne, shi kuwa giram ɗaya na sitaci ko suga 4 ne, furotin ma 4. Dafaffiyar shinkafa giram 100 wajen 130 take. Kun ga ke nan ita shinkafar da ake ɗora ma laifi kullum, wani lokacin ba ita ce babbar mai laifin ba, man da ke yawo saman miya ne, da wanda ƙosai da fanke da masa sunka shanye a kasko. Mu 'yan Kabi da shinkafa anka san mu, daga fadamar Argungu har Suru, iyayenmu tuwon shinkafa sunka ci sunka tsufa, kuma ba su yi teɓa ba.

Sai abin sha. Gwangwanin Coca-Cola na nan Ingila, mai mililita 330, kalori 139 ne, suga giram 35 a ciki, a rubuce yake a jikinsa kowa na iya dubawa. Ƙaramin cokali na suga kalori 16 ne, to ki ƙirga nawa kike zubawa a shayi, a koko, a kunu, a zoɓo, ga madarar gwangwani a kai. Kuma abin sha ba ya riƙe ciki, kin sha kin manta, anjima ki nemi abinci kamar ba ki sa komi a baki ba. Wallahi a nan ne ƙirge ke da amfani ƙwarai, mutum ya yi mako biyu ko uku yana rubuta duk abin da ya shiga bakinsa, har da ɗanɗanen miya da ragowar abincin yara da muke cinyewa don kar a zubar, sai ya ga inda ɓarnar take.

A nan ƙasar ba ka iya kauce ma lambobin nan ko ka so. Tun watan Afrilun 2022 doka ta tilasta ma manyan gidajen abinci a Ingila, masu ma'aikata 250 ko fiye, su rubuta kalori kusa da sunan kowane abinci. Hukumar lafiyarsu ta NHS tana cewa mace tana buƙatar wajen 2000 a rana, namiji 2500, amma wagga lamba ta jimla ce kawai. Matar da ke surfe da daka da ɗibar ruwa a ƙauyen Kamba ba za a haɗa ta da ni da nake hawa bas daga ƙofar gida in sauka ƙofar wurin aiki ba.

To ina matsalar take? Ta farko, abincinmu ba a kwali yake zuwa ba. Ki buɗe manhajar nan ki rubuta tuwon dawa da miyar kuka, ko dai ki rasa shi gaba ɗaya, ko ki tarar wani can ya saka lamba da ka. Malmala nawa? Malmalar wa? Ta Inna da ke cika hannu biyu ko ta gidan abinci? Fura da nono fa, wane ludayi, suga nawa, nonon kindirmo ne ko tsala? Uwa uba in faranti ɗaya kunka zagaye ku biyar kuna ci, wa zai tsaya auna lomarsa. Ni ba zan ba kowa shawara ya janye daga cin abinci da iyalinsa ya koma gefe da sikeli ba, wannan ba tarbiyyarmu ba ce kuma ba zai ɗore ba.

Ko abincin kwalin ma lambar ba daidai take cif ba. A Amurka doka ta yarda abin da ke ciki ya wuce abin da anka rubuta da kashi 20 cikin ɗari. Mu kanmu masu ƙirgen ba mu iya ba, akwai binciken da anka buga a 1992 a mujallar likitoci ta New England Journal of Medicine, mutanen da ke cewa suna cin kaɗan amma ba su ramewa, da anka auna su da kyau sai anka tarar sun rage kusan kashi 47 cikin ɗari na abin da sunka ci a lissafinsu. Ba ƙarya sunka yi niyyar yi ba, haka ɗan Adam yake, yana manta gyaɗar da ya ɗiba yana wucewa.

Abin da ya fi tsaya mini a rai shi ne aikin wani masani Kevin Hall a cibiyar lafiya ta NIH a Amurka, 2019. Mutum 20 anka ajiye wuri ɗaya, mako biyu ana ba su abincin kamfani, irin su biskit da tsiran leda da abin da ake ɗumamawa kawai, mako biyu kuma abincin da anka dafa daga kayan gona, anka ce kowa ya ci iya cikinsa. Lokacin abincin kamfani sai da sunka riƙa ƙara wajen kalori 500 a kowace rana ba tare da sun sani ba, nauyinsu ya hau, da anka koma dafaffen abinci ya sauka. Wannan shi ne ainihin abin da ke samun 'yan uwanmu in sun zo nan. Ka taso aiki a gajiye, sanyi, duhu, kayan miya da tsada, biskit da cakulan da fiza kuwa araha, shekara guda sai ka ga zanen da anka ɗinko maka daga gida ya ƙi shiga. A jami'ar Stanford ma, a wani bincike da anka buga a 2018, an bi mutum 609 har shekara ɗaya, ba a sa su ƙirga komi ba, an dai ce su rage suga da farin fulawa su yawaita ganye su riƙa girki a gida, a matsakaici mutum ya sauke wajen kilo 5 zuwa 6.

Shi ya sa nake cewa ƙirgen nan kamar yarinya ce mai koyon girki, da farko sai an nuna mata gishiri da cokali, in hannunta ya gane sai ta aje cokalin. Ki ƙirga na 'yan makonni, ki gane mai da suga da lemo, ki rage ludayi 1 ya koma cokali 2, ki cika rabin faranti da zogale ko rama ko kabeji, wake da kifi su yawaita, ga mu da kifi kuwa Allah ya hore, sannan ki goge manhajar ki ci gaba da rayuwarki. Tafiyar ƙasa ta rabin awa da ɗan sauri wajen kalori 150 take ƙonawa, ya danganta da nauyin mutum, kaɗan ne in anka kwatanta da ludayin can, amma tana taimakon zuciya da suga da barci, kar a bar ta.

Ina sane cewa akwai gidaje da yawa a Kebbi da Zamfara da matsalarsu ba rage ci ba ce, samun na sawa a tukunya ne, Allah ya kawo mana sauƙi ya ba mu zaman lafiya manoma su koma gonakinsu. Amma a cikin gari ciwon suga da hawan jini suna kama mutane, kuma har yanzu in mace ta yi jiki cewa ake ta samu hutu, har 'yan mata na shan sha-ka-fashe don a ce sun cika. Dan Allah ku bari, magungunan nan suna da illa sosai. A ɗaya gefen kuma na ga yarinya a nan, 'yar ƙawata, da ƙirge ya zame mata ciwo, ba ta iya cin dabino guda sai ta duba waya, tana kuka in ta wuce lamba, sai da anka haɗa da likita. Mai ciki, mai shayarwa, yara masu tasowa, da mai ciwon suga da ke kan allura ko ƙwaya, kar ɗayansu ya rage abinci da kansa sai da shawarar likita.

In kina son awon da ya fi sauƙi, nemi tef ɗin tela. Ki auna ƙugunki wajen saman cibiya kaɗan, ki auna tsawonki, hukumar NICE mai ba da shawarwarin kiwon lafiya a nan Birtaniya tun 2022 take ba da shawarar ƙugu kar ya kai rabin tsawo. In tsawonki santimita 160 ne, ƙugu ya tsaya ƙasa da 80. Ko igiya ma ta isa, ki auna tsawonki da ita, ki ninka biyu, ki zagaya ciki ki ga ko ta haɗe. Wadda ta gwada ta turo mini in ji, a gaida mutanen gida duka, sai mun sake haɗuwa in Allah ya kai mu.