Sharhi: Ladan Tauraro da Kuɗin Ƙofa a Wasan Daɓe

Jama'a masu sauraro, assalamu alaikum. Sharhinmu na yau zai ɗauke mu daga nan Zariya zuwa birnin New York na ƙasar Amurka, sannan ya dawo da mu gida, domin maganar da ake ta cece-ku-ce a kanta a can, wato tsadar tikitin shiga kallon wasan kwaikwayo na daɓe da ɗimbin kuɗin da manyan taurari ke karɓa, magana ce da ta shafi duk wanda ke fatan ganin wasan daɓe ya zama sana'ar da za ta riƙe mai ita a ƙasar Hausa.

A unguwar Broadway da ke New York akwai manyan gidajen wasa 41, kowanne yana ɗaukar 'yan kallo 500 ko fiye. A shekarar 2025 fitaccen ɗan fim Denzel Washington ya hau dandamali a wasan Othello na Shakespeare tare da Jake Gyllenhaal, kuma kujera mafi tsada ta kai dala 921, wato kusan naira miliyan 1.4 a canjin wancan lokaci. Ma'aikacin da ke karɓar mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 a Nijeriya sai ya tara albashinsa na wata 20 bai ci ko ƙwandala ba kafin ya zauna a wannan kujera na dare ɗaya. A daidai wannan lokaci wasan da wani fitaccen ɗan fim, George Clooney, ya fito a ciki ya tara sama da dala miliyan 3 a mako guda, kuma kakar wasanni ta 2024 zuwa 2025 ta rufe da cinikin kusan dala biliyan 1.9.

Da jin wannan, abin da zai fara zuwa zuciyar mutum shi ne taurarin ne suka yi haɗama, suka tsawwala ladansu, shi kuma mai shirya wasa ya huce a kan 'yan kallo. Akwai ƙanshin gaskiya a nan, domin jaridun can sun sha ruwaito cewa babban tauraro yana iya karɓar dala 100,000 ko fiye a mako, a haɗa masa da kaso daga cinikin ƙofa, alhali ƙaramin ɗan wasan da ke tsaye kusa da shi, wanda shi ma yake fitowa sau takwas a mako, mafi ƙarancin ladan da ƙungiyarsu ta ƙwato masa bai kai dala 3,000 ba. Sai dai a ganina wanda ya tsaya a nan ya bar jaki yana dukan taiki.

Dalili na farko shi ne wasan daɓe ba ya yaɗuwa kamar fim. Fim ana ɗaukarsa sau ɗaya a nuna shi a gidaje dubu, amma ɗan wasan daɓe dole ya zo da jikinsa kowane dare, kuma ɗakin ba ya faɗaɗa. Tun a 1966 wasu masana tattalin arziki biyu na Amurka, William Baumol da William Bowen, suka bayyana wannan matsala: masaƙa tana iya sayen sabon inji ta ninka abin da take fitarwa da ma'aikata kaɗan, amma wasan da aka rubuta shekaru 400 da suka wuce har gobe yana buƙatar 'yan wasa da awoyi daidai da na ranar farko, ga kuɗin haya da wuta da albashi kullum suna hawa. Shi ya sa mafi yawan wasannin Broadway ake rufe su ba su mayar da uwar kuɗi ba. Mai zuba jari da ya san haka, yana neman abin da zai jingina da shi, kuma ba abin da ya fi sanannen suna a jikin fasta. Shi kuwa tauraron fim ba ya iya barin harkokinsa sai na 'yan makonni, kamar yadda Othello ya tsaya a kan mako 15, saboda haka sai a matse a cire jari da riba a cikin wannan ɗan taƙi. Kujeru kaɗan, kwanaki kaɗan, masu so ba iyaka. Farashi ba zai zauna a ƙasa ba ko da tauraron ya yafe rabin ladansa. Wannan ɗabi'a ta ware kujerun gaba a sa musu farashi na musamman ta kankama ne tun 2001, lokacin da wani wasa ya fara sayar da su a kan dala 480 da hujjar ƙwace ribar daga hannun 'yan bumburutun tikiti.

To, ina ruwan Bazazzagi da wannan? Ruwansa shi ne mun ga irin haka da idonmu a harkar finafinan Hausa, a zamanin da dillalan kaset ke ƙin karɓar fim sai sun ga fuskar wane ko wance a fasta, har furodusa ya ɗauki kaso mafi tsoka na jarinsa ya miƙa wa mutum ɗaya, marubuci da masu ƙananan fitowa su tashi da kuɗin mota da godiya. Na taɓa tsayawa a layin wani wasan sallah da aka tallata da sunan wani jarumi. A gabana akwai wani magidanci riƙe da hannun yara uku cikin sababbin kaya, ya ƙirga kuɗinsa sau biyu a gaban mai yanka tikiti, sannan ya sunkuya ya ce wa babban, "Kai Yaya, ka shiga ka kalla ka ba ƙannenka labari." Har yau ban manta da yadda ƙananan biyun suka manne da katanga suna sauraren tafi daga waje ba.

Abin da ya sa wannan yake yi mini ciwo shi ne Zariya tana da wata al'ada ta daban. A Jami'ar Ahmadu Bello da ke Samaru akwai dandalin wasan da aka gina da jar ƙasa a shekarun 1970, mai fasalin gidan Bahaushe, ɗakuna kewaye da tsakar gida, inda ɗan kallo ke zaune dab da ɗan wasa har yana jin numfashinsa. Daga nan ɗalibai da malamansu suka riƙa fita zuwa unguwannin Samaru da ƙauyuka irin su Soba suna tsara wasa tare da manoma a kan matsalolin manoman. Tashen da yaranmu ke yi daga goma ga watan azumi ma wasan kwaikwayo ne da ke zuwa har ƙofar gida, a ba da abin da ya sawwaƙa. Kuma wannan gari ne ya haifi marigayi Ƙasimu Yero, wanda ya shiga zukatan mutane ta talabijin ba tare da an tambayi kowa ko sisi ba.

Ba ina cewa a ci gaba da wasa kyauta ba ne. Ɗalibin da ya shafe shekara huɗu yana karatun wasan kwaikwayo yana da haƙƙin ya ci abinci da iliminsa, kuma wanda ya yi shekaru yana gina sunansa har mutane ke cika ɗaki dominsa, babu zalunci idan ya fi kowa samu. Abin da nake kira a kai shi ne tsarin biyan. Maimakon a biya tauraro dunƙulen kuɗi tun kafin a sayar da tikiti ɗaya, wanda shi ne ke tilasta wa mai shiryawa ya ɗaga kuɗin ƙofa don tsoron asara, gara a ba shi matsakaicin lada, sauran ya zama kaso daga riba bayan an sallami mai janareta da mai hayar ɗaki da tela da kowane ɗan wasa. Idan sunansa ya cika ɗakin, ya kwashi rabonsa da hujja. Idan bai cika ba, ba a bar yara da bashi ba.

Haka kuma duk mai shirya wasa a Sabon Gari ko Tudun Wada ko Kongo yana iya sa wa kujerun gaba farashin masu hali, amma ya ware wani adadi sananne na kujeru masu rahusa tun daga farko, ya kuma sanar da shi a cikin talla. An gwada wannan a wurare masu tsada fiye da namu: Gidan Wasan Ƙasa na Birtaniya da ke Landan ya fara sayar da dubban kujeru a kan fam 10 a 2003 bayan wani kamfani ya ɗauki nauyin cike giɓin. Bankuna da kamfanonin sadarwa da ke da rassa a Zariya suna kashe kuɗi wajen ɗaukar nauyin bukukuwa a kowace sallah, kuma za su iya cike giɓin kujeru 200 na ɗalibai da magidanta masu yara.

Masu sauraro, a nan za mu dakata. Wassalamu alaikum.