Daga Manchesta: wa ya yanke maka farashi?

Salama a gare ku, 'yan'uwa. Yanzu na tashi daga aikin dare, ku yi haƙuri da muryata, sanyin Manchesta ne ya kama ta. Akwai maganar da ta tsaya mini a rai, gara in faɗe ta kafin barci ya ɗauke ni.

Da yawanmu mun shigo Ingila ne bayan 2022, lokacin da aka buɗe wa masu aikin kula da tsofaffi ƙofar biza. A cikinmu akwai malaman makaranta, akwai ma'aikatan banki, akwai wadda a gida ita ce shugabar zumuntar mata, in ta shigo majami'a sai an tashi an ba ta kujera. A nan kuwa sunanka ma ba a iya faɗa daidai. Bizarka tana ɗaure da wanda ya ɗauke ka aiki. In aikin ya kuɓuce, yawanci kwana 60 ake ba ka ka nemi wani. Daga Maris 2024 kuma aka hana sababbin zuwa kawo iyali. Ga waya daga gida ba ta tsayawa: kuɗin makaranta, kuɗin magani, kuɗin taki. A hankali sai mutum ya fara auna kansa da fam nawa ya aika a wata. Watan da bai aika ba, ko gaisuwar mahaifiyarsa kunyar amsawa yake ji.

Wannan ma'auni ƙarya ne, kuma a bakin aiki na gane haka. Akwai wata tsohuwa da nake kula da ita, ciwon mantuwa ya cinye ta. Ba ta san 'ya'yanta ba, cokali ma sai an riƙe mata. Kullum da asuba ina jiƙa tawul da ruwan ɗumi in goge mata fuska, in shafa mata mai a hannuwan nan da fatarsu ta yi laushi har jijiyoyi sun fito, in taje mata farin gashinta. Ba ta samar wa kowa ko sisi. To, darajarta ta ragu? Ko kusa. Farawa 1:27 ta ce Allah ya yi mutum cikin kamanninsa, namiji da ta mace, kuma babu inda aka ce kamannin nan yana gogewa in ƙarfi ya ƙare. In haka ne game da ita, me zai sa ni da nake durƙushe ina sa mata safa in ɗauka tawa darajar tana rataye da takardar albashi?

Ku buɗe Matiyu 10:29, Yesu ya ce gwara biyu kobo ɗaya ake sayarwa. A Luka 12:6 kuma biyar kobo biyu. Ku yi lissafi: kobo biyu ai huɗu zai saya. Na biyar ɗin gyara ne, irin tumatirin da mai talla take ɗora maka bayan an gama ciniki. Amma Ubangiji ya ce ko ɗayansu Allah bai manta da shi ba. Ke da kike jin kamar gyara ce ke a ƙasar nan, da ke ake magana. Bitrus kuma ya ce ba da azurfa ko zinariya aka fanshe mu ba, da jinin Almasihu ne.

Wani zai ce wannan girman kai ne. A'a. Tawali'u daban, yarda a taka ka daban. Ina wanke tsofaffi da farin ciki, domin Ubangijina ma ya wanke ƙafafun almajiransa. Amma na ga 'yan'uwa ana yanke musu awanni, ana riƙe musu kuɗi, su yi shiru su ce gicciyensu ne. Ɗan'uwana, zalunci ba gicciye ba ne. A Afrilun 2025 aka kai mafi ƙarancin albashi fam 12.21 a awa ga mai shekara 21 zuwa sama, kuma dokar ba ta ware baƙo ba. Ka duba takardar albashinka duk wata, ka rubuta awanninka a littafi. In abu bai yi daidai ba, Acas, hukumar sasanta ma'aikata da masu ɗaukar aiki, da Citizens Advice, ƙungiyar taimakon jama'a, suna ba da shawara kyauta. In kana jin tsoron zuwa kai kaɗai, ka gaya wa fasto ko wani dattijo a majami'a ya raka ka.