Ja, Rawaya, Fara: Gardamar Taya ta Ranar Asabar a Aboabo

Assalamu alaikum, 'yan uwa na Kumasi da duk inda kuke kallonmu.

Ranar Asabar ce, an idar da azahar. A wani shagon aski da ke Aboabo, inda aka saba tayar da jijiyar wuya a kan Kotoko da Hearts, yau tseren motoci na Formula 1 ne a talabijin. Idan tseren a Turai yake, neman gurbi, wato gudun Asabar da ke tantance inda kowace mota za ta tsaya a tashin tseren Lahadi, yakan faɗo wajen ƙarfe biyu agogon Gana, shi ya sa benci ya cika, har da na tsaye a bakin ƙofa. Saura minti huɗu lokaci ya ƙare, motar da rabin shagon ke goya wa baya tana zaune a gareji, tayoyinta a naɗe cikin bargo. Wani matashi ya miƙe da kofin shayi a hannu: "Wai me suke jira ne? Ku sake shi mana!"

Wani dattijo da ya tsufa yana gyaran mota a Suame Magazine ya ce masa, "Zauna, ɗana. Taya suke tattali."

"Haba Baba! Kamfanin da ke kashe miliyoyin daloli, taya ce za ta gagare shi?"

Tambayar yaron nan ce ta sa na shirya wannan bidiyo, domin tambaya ce mai kyau. Amsar kuwa ita ce: ba kuɗi ne ya hana su ba, ƙidaya ce. Kamfani ɗaya ne ke ba kowa taya, Pirelli na Italiya, tun 2011. A mako na yau da kullum kowane direba saiti 13 yake samu na busasshiyar hanya, kowane saiti taya huɗu: 8 masu taushi, 3 matsakaita, 2 masu tauri. Bayan kowane atisaye dole ya mayar da saiti biyu, atisayen kuma uku ne, don haka da saiti 7 zai shiga neman gurbi, da su kuma zai yi tseren Lahadi. Ko Ferrari, ko Mercedes, babu mai ƙara masa ko ɗaya. Duk wadda ka ƙona yau, gobe ba ka da ita.

Ku dubi gefen tayar nan da kyau. Jan zobe, mai taushi ce: tana manne wa kwalta kamar ƙaro, ta fi kowacce gudu, amma kuzarinta na gaske sau da yawa zagaye ɗaya ne. Rawaya matsakaiciya ce. Fara mai tauri ce, ba ta da zafin nama, amma tana da jimiri. Kore da shuɗiya na ruwan sama ne, mu ajiye su gefe.

Abin da ya fi ɗaure wa mutanenmu kai shi ne fuskar tayar. Sumul take, babu zane ko ɗaya. Idan ka kai irinta wurin mai faci a Asawase zai ce ta yi sanƙo, ka jefar. A can kuwa da gangan aka yi ta haka, don roba ta kwanta a kan kwalta gaba ɗaya. Haka ma zancen zafi. Direban da ya taso daga Accra ya tsaya a Nkawkaw, za ka ga ya zagaya yana dafa tayoyinsa da tafin hannu, zafi yake tsoro. Direban tsere sanyi yake tsoro. Taya mai sanyi santsi take yi masa, shi ya sa ake naɗe ta da bargon lantarki, shi ya sa kuma kuke ganin mota tana karkaɗa dama da hagu kafin ta ɗauki gudu. Idan ya ɗumama ta fiye da kima kuma, kafin ya kai kwanar ƙarshe ta gaji. Tsakanin sanyin da zafin nan akwai 'yar siririyar hanya, a kanta ake cin gurbi ko a rasa shi.

Tsarin neman gurbin da muke kallo ya fara ne a 2006, kashi uku. Yadda aka yi shi har kakar 2025, da motoci 20: kashin farko minti 18, a zubar da biyar na baya; na biyu minti 15, a sake zubar da biyar; na uku minti 12, goman da suka rage su fafata a kan sahun gaba. A allo za ku ga an rubuta Q1, Q2, Q3.

To, me ya sa ake jira har ƙurarren lokaci? Saboda kowace mota da ta wuce tana shafa wa kwalta roba, hanya tana ƙara kamawa minti bayan minti. Na ƙarshe ya fi kowa samun hanya mai daɗi. Amma wanda ya jira ya ɗora ƙaddararsa a hannun wasu. A Monako a 2021, Charles Leclerc yana kan gaba sai ya daki shinge a sakannin ƙarshe, aka ɗaga jar tuta ta tsayar da gudu, duk waɗanda ke bayansa suna tsakiyar zagayensu mafi kyau suka janye ƙafa. Gurbin farko ya zama nasa, sai dai washegari motar ba ta iya fara tseren ba.

Wanda ya fi ba da takaici shi ne na Monza ta Italiya a 2019. A hanyar nan gudu yana haura kilomita 330 a awa, kuma duk wanda ya bi bayan wata mota yana samun sauƙin iska, kamar mai keke da ya laɓe a bayan tirela. Kowa yana son ya zama na baya, ba mai son ya ja gaba. Motoci tara suka fito suna jan jiki, wannan yana jiran wancan, har agogo ya cinye. Sai wanda ya tsallake layin farawa kafin agogo ya ƙare ake ƙirga masa zagaye, biyu kacal kuma suka tsallake a kan lokaci, Carlos Sainz da Leclerc. Masu kallo sun fusata, kuma suna da gaskiya. Mutum ya biya kuɗin kujera, ko ya rufe shagonsa, don ya ga gudu.

Yanzu ga dokar da har gobe ake gardama a kanta a majalisunmu, ko da yake an soke ta. Daga 2014 zuwa 2021, duk wanda ya shiga goman farko, tilas ya fara tseren Lahadi da ainihin tayar da ya yi lokacinsa mafi kyau da ita a kashi na biyu. Ba irinta ba, ita kanta, da duk gogewar da ta sha. Na 11 zuwa ƙasa kuwa ya zaɓi sabuwa fil, wadda ransa yake so.

Niyyar mai kyau ce: a ɗan ɗaure ƙafar na gaba don na baya su samu dama. Amma ku duba yadda ta kasance a zahiri. Manyan motoci suna da rarar gudu, sai su sa rawaya a kashi na biyu, su wuce ba tare da gumi ba, Lahadi su tashi da tayar da ta fi dacewa. Masu matsakaicin ƙarfi ba su da wannan gatan. Sai sun sa ja kafin su kutsa cikin goma, su ƙare a na takwas ko na tara, Lahadi kuma su tashi da tsohuwar ja wadda za ta narke da wuri, ga na 11 a bayansu da sabuwar rawaya yana jiran su shiga gareji. Ka yi ƙoƙari ranar Asabar, ladanka ya zama hukunci. Har ya kai ana cewa gara na 11 da na 10. Ni a ganina duk dokar da za ta sa direba ya fi son ya faɗi a kan ya ci, ta kauce hanya, kuma na yi murna da aka cire ta a 2022.

Sai dai dattijon nan na shagon aski bai yarda da ni ba, kuma hujjarsa ba ta wasa ba ce. Ya ce, "Malam, ka manta Silverstone?" Ban manta ba. A watan Agusta na 2020, a tseren cikar Formula 1 shekara 70 da aka yi a Silverstone ta Ingila, Max Verstappen ya yi kasada ya wuce kashi na biyu da farar taya, shi kaɗai a cikin goman farko. Ya tashi a na huɗu. Motocin Mercedes biyu da ke sahun gaba, na Valtteri Bottas da Lewis Hamilton, zafi ya sa tayoyinsu suka yi ƙuraje, shi kuwa tasa lafiya lau, ya ci tseren. Tun ranar Asabar aka shuka wannan nasara, kuma tsohuwar dokar ce ta ba shi filin shukar. Wannan na amince.

Ita ma ranar da ba a son tuna ta a shagon nan, da taya aka buɗe ta, da taya aka rufe. Abu Dabi, Disamba 2021, tseren ƙarshe na kakar, Hamilton da Verstappen kowa da maki 369.5. A kashi na biyu Verstappen ya taka birki da ƙarfi, rawayarsa ta goge a wuri ɗaya, dole ya koma ja. Ya ci gurbin farko, abokinsa Sergio Perez ya ja masa iska, amma Hamilton da rawaya ya wuce shi tun a tashin farko. A zagayen ƙarshe lamarin ya juye: sabuwar ja a ƙarƙashin Verstappen, tsohuwar fara a ƙarƙashin Hamilton, Verstappen ya wuce shi ya ɗauke kambun. Yadda aka tafiyar da motar kariya, wadda ke shiga gaban masu tsere ta rage musu gudu idan an yi haɗari, a daren nan magana ce mai zaman kanta, kuma na san ciwon bai warke ba a zukatan da yawa daga cikinmu.

Masu shirya gasar ba sa gajiya da taɓa dokar Asabar. A 2016 suka kawo tsarin fitar da na ƙarshe duk bayan sakan 90. A Melbourne ta Ostireliya, direbobi suka ga babu amfanin ƙona taya, suka sauko daga mota tun agogo bai ƙare ba, hanya ta zama wayam. Aka sake gwadawa a Bahrain, daga nan aka binne shi. Tsere biyu ya yi a duniya.

A 2023 aka gwada wani a Hungari da Monza: fara a kashin farko, rawaya a na biyu, ja a na uku, saiti kuma 11 maimakon 13, don a rage yawan tayoyin da ake ƙerawa ana jigila. Masoyan Hamilton suna tuna Hungarin nan da daɗi, domin ya karɓe gurbin farko daga hannun Verstappen da tazarar sakan 0.003, gurbinsa na 104. Amma ranar Juma'a direbobi sun yi ta zama a gareji suna tattali, masu kallo suka ga motoci kaɗan. Ba a ci gaba da shi ba.

Monako ce ta fi nuna inda gizo ke saƙa. Titunan cikin gari ne, ƙunci kamar lungun Alabar ranar kasuwa, wucewa sai da ikon Allah. Doka ta ce a busasshen tsere dole ka yi amfani da taya iri biyu. A 2024 aka yi haɗari a zagayen farko, aka tsayar da tsere, kusan kowa ya canza taya a tsaye ya sauke wannan farali, goman farko suka ƙare yadda suka tashi, babu wanda ya gusa. Don gudun maimaici, a 2025 aka wajabta amfani da saiti uku, wato tsayawa sau biyu. Me ƙungiyoyi suka yi? Mai motoci biyu a kusa da juna sai ya sa na baya ya rage gudu ya tare hanya, na gaba ya samu tazarar shiga gareji ya fito ba tare da ya rasa matsayi ba. Racing Bulls sun yi, Williams sun yi. George Russell na Mercedes ya gaji da bin bayan Alex Albon na Williams har ya yanke kwana ya wuce shi, ya gwammace hukunci. Lando Norris da ya tashi a gurbin farko shi ya ci.

Abin da nake so a gane ke nan idan muna ihu a gaban talabijin. Injiniyan da ya riƙe motarka a gareji ba barci yake ba. Yana da tayoyi ƙidayayyu, yana kallon agogo, yana kallon gajimare, yana lissafin cewa canjin taya kansa sakan biyu ne da 'yan kai, amma shiga da fita na cin kusan sakan 20. Wani lokaci yakan yi kuskure, kuma idan ya yi, a faɗa masa. Fushina ya fi karkata ga masu yi wa doka kwaskwarima don su ƙirƙiro armashi da ƙarfin tsiya, alhali kowace ƙungiya tana da ɗaki cike da masu lissafi da za su gano ƙofar baya kafin a wayi gari. A bar Asabar ta zama ta gudu zalla, kowa ya sa abin da ya ga zai fisshe shi. Idan ana son Lahadi ta yi zafi, a yi tayoyin da bambancinsu zai fito fili, yadda mai tsayawa sau ɗaya da mai tsayawa sau biyu za su haɗu a zagayen ƙarshe kowa da hujjarsa.

Asabar mai zuwa, idan an shiga kashin farko, ku sa ido a kan 'yar alamar kala da ke gefen sunan kowane direba a allo. Ku ƙirga sau nawa ya sa sabuwar ja kafin ya tsira. Wanda ya ƙona biyu tun a nan, ku riƙe sunansa, ku nemi motarsa a minti huɗun ƙarshe na kashi na uku, ku ga ko zai fito sau biyu kamar sauran ko sau ɗaya tak. Dattijon Suame ya ce shi da takarda da biro zai zo, yaron nan kuma ya ce shi zai kawo shayi.

Sai mun haɗu a shagon. Allah Ya kai mu.