Darasi: Ka rubuta matakin aikinka, AEM ya ƙi nuna sunansa

Assalamu alaikum ƴan uwa, barkanmu da war haka. Daga nan Damagaram nake magana, unguwar Zango. In kun ji ƙarar inji a bayana ku yi haƙuri, kuran ya tafi tun bayan azahar.

Darasin yau wani ƙanena da muke aiki tare ne ya jawo shi. Jiya ya same ni ya ce, "Yaya, na rubuta matakin, na tura, komai ya yi kore, amma na buɗe jerin zaɓi babu sunansa." Na ce sau nawa ka tura? Ya ce uku. Uku! Kowace turawa sai ka zauna jira, ga rezon namu kun san halinsa.

Ga wanda bai sani ba, muna magana ne kan Adobe Experience Manager, wato AEM, manhajar sarrafa shafukan intanet, nau'insa na gajimare da ya fito a 2020. A cikinsa akwai jerin aiki: marubuci ya gama shafi, ya wuce wurin edita, edita ya amince, a wallafa. Kana iya rubuta matakinka na kanka da Java ka saka a tsakiya, misali wanda zai liƙa sunan mai ɗaukar hoto a bayanan kowane hoto. To irin wannan matakin ne ya ƙi fitowa a jerin da ake zaɓar mataki.

Ku ɗauki tashar mota. Direba na nan, motarsa lafiya lau, ya sha mai, amma in ɗan kamasho bai rubuta shi a layi ba, har magariba ba zai yi lodin Magarya ba. Ɗan kamashon AEM shi ne OSGi, tsarin da ke yi wa kod ɗin Java rajista a cikinsa. Aikinmu mu gano inda sunan ya faɗi kafin ya isa takardarsa.

Mu fara da ƙunshin kod ɗin, wato bundle. A tsohon AEM adireshin /system/console muke shiga mu duba. A gajimare an rufe wannan ƙofar. Sai ka bi ta Cloud Manager ka buɗe Developer Console, ka zaɓi ɓangaren marubuta, ka nemi jerin ƙunsoshi. Ku kalli allo. In ka ga Active, wuce gaba. In Installed ka gani, ƙunshin ya iso amma yana neman wani laburare da bai samu ba, galibi sigar da ka rubuta a pom.xml, fayil ɗin tsarin ginin aikin, ce ba ta dace ba, ko kana nan riƙe da tsohon uber-jar maimakon aem-sdk-api. In kuwa sunan ƙunshin ma babu shi, ba ka saka shi cikin fakitin all, wanda ke tattara komai a tura, ba, wato motar ba ta ma shigo tasha ba.

Na ƙanena Active ne. Nan ya fara murmushi, wai ka ga ba laifinsa ba ne.

Sai muka buɗe ajin, wato class ɗin Java na matakin. A nan zan daɗe, don nan mafi yawanku kuke faɗuwa. Abu uku nake dubawa a saman fayil. Ajin ya ɗauki WorkflowProcess na com.adobe.granite.workflow.exec, wanda shi ne na yanzu. A cikin @Component an rubuta service = WorkflowProcess.class. Sannan akwai process.label, shi ne sunan da jerin zaɓi zai nuna maka. Harafi ɗaya ka kuskure a process.label, ko ka sa babban baƙi inda ƙarami yake, Java ba zai ce maka uffan ba, don a wurinsa rubutu ne kawai.

Nasa duk ukun kamar daidai. Amma ku ɗaga ido sama, wurin layukan import. Kun gani? org.apache.felix.scr.annotations. Ya kwafo kod ne daga wani tsohon aiki. Waɗannan tsoffin alamomi wani kayan gini daban ne ke karanta su, sabon aikinmu kuwa na org.osgi.service.component.annotations yake ganewa. Kod ya haɗu, ƙunshi ya tashi, amma ba a rubuta takardar rajista ba.

Kuma ba sai ka tura ko'ina ba kafin ka tabbatar. Shiga jakar target a ordinaterka, buɗe fayil ɗin jar kamar yadda kake buɗe zip, nemi jakar OSGI-INF. In babu fayil na XML mai sunan ajinka a ciki, an gama magana. Minti biyu, ko mega ɗaya ba ka ƙona ba. Ni dai abin da nake fara dubawa ke nan, tun kafin in taɓa intanet.

Wani lokaci takardar tana nan, amma a jerin components na Developer Console ka ga unsatisfied. Ma'ana yana jiran wani abu: ko wata hidima da ka kira da @Reference ba ta tashi ba, ko ka ce dole sai da saiti, sannan ka ajiye fayil ɗin .cfg.json a jakar config.publish alhali a ɓangaren marubuta kake nema.

To, sunan ya fito, ka zaɓe shi. Saura ƙiris. Zanen jerin aikin da kake gyarawa a ƙarƙashin /conf yake zaune, wanda ke gudu kuwa yana /var/workflow/models. Sai ka danna Sync kafin gyaran ya isa can. Kuma ka duba ɗan akwatin nan na Handler Advance. In ba ka yi masa alama ba, matakinka zai yi aikinsa ya tsaya cak, na gaba ya yi ta jira. Wata kuma: zanen yana riƙe da cikakken sunan aji ne, ba laƙabin ba. Ranar da ka canja sunan ajin ko ka mayar da shi wata jaka, koma ka sake zaɓarsa, in ba haka ba za ka sauke rajistar kurakurai ta aemerror ka tarar yana cewa bai sami matakin ba.

Mu mun canja layin import, muka gina, muka gwada a AEM SDK na kan ordinater a localhost:4502, inda /system/console ke buɗe har yanzu. Sunan ya fito. Sannan muka tura gajimare, sau ɗaya.

Ƙanena, miƙo mini waccan wayar caji, batir ya kusa mutuwa. Ƴan uwa, a darasi na gaba za mu taɓa asusun hidima, don matakin nan namu bai da izinin rubuta komai a kan hotunan tukuna. Sai an jima.