Fodkas: Hold'em zai ci gaba da riƙe kambun poka?

Hadiza: Jama'a barkanmu da sake haɗuwa. Yau hirar karta za mu yi, wato poka da ire-irenta. Malam Garba, Bashir ya shigo yana cika baki wai zamanin Texas Hold'em ya wuce.

Bashir: A'a, Anti Hadiza, ban ce ya wuce ba. Cewa na yi kwamfuta ta tsotse masa ruwa.

Malam Garba: To bari mu soma da yadda ya hau sama. Kafin shi, wani nau'in poka mai suna Seven-Card Stud ake ji da shi a gidajen cacar Amurka. Talabijin ce ta ɗaga Hold'em. Kati biyu kacal ke hannun kowa, sauran biyar a buɗe suke tsakiyar tebur. Da aka fara sa ƙaramar kyamara mai nuna katin da ɗan wasa ya ɓoye, sai mai kallo a gida ya zama ya san wanda ke cika baki da hannu wofi.

Hadiza: Sannan ga batun Moneymaker.

Malam Garba: Ƙwarai. A 2003 Chris Moneymaker, akawu ne fa, ya samu gurbi ta intanet, ya je Las Vegas ya cinye babbar gasar World Series of Poker, dala miliyan 2.5. Mutum 839 suka shiga a shekarar. Zuwa 2006 sun kai 8,773.

Bashir: Ai ni ma a nan maganata take, Malam. Wancan taron na 'yan koyo ne, ƙwararru suna ta kwasar ganima. Yanzu fa? A 2017 wata manhaja mai suna Libratus, ta jami'ar Carnegie Mellon, ta lallasa ƙwararru huɗu a wasan mutum biyu. A 2019 Pluribus ta yi haka a teburin mutum shida. Yau duk mai son ya ƙware sai ya zauna da manhaja ta nuna masa inda zai ƙara zubi da inda zai ajiye kati. Kowa ya zo da karatu ɗaya, wa zai ci wa?

Hadiza: Sai su koma ina?

Bashir: Pot-Limit Omaha. Kati huɗu ake ba ka, dole ka yi amfani da biyu daga ciki, ba ƙari ba ragi. A Hold'em hannun farko, wato katin da ake fara raba maka, iri 1,326 ne, a Omaha 270,725. Haddace wannan ba wasa ba ne. Kuma hannaye suna kusa da juna a ƙarfi, shi ya sa kuɗi ke yawo sosai.

Malam Garba: Yawon nan kuma shi ke karya mutane da wuri, ka faɗi wannan ma. Caca dai caca ce, masu asara sun fi masu ci yawa nesa ba kusa ba.

Hadiza: Short Deck fa? An yi ta yayinsa.

Malam Garba: Wanda ake cire katunan masu lamba 2 zuwa 5, kati 36 su rage. Attajiran Asiya ne suka ɗaga shi, World Series of Poker ma ta sa shi a 2019. A ganina wasan manya ne, bai sauko ƙasa ba.

Bashir: To kin ji. Gobe ta Omaha ce.

Malam Garba: Gobe ta wa? Ta ƙwararru, na yarda. Su dama suna da gasarsu ta dala 50,000 mai cakuɗa wasanni, tun 2006. Amma sabon shiga da Hold'em yake farawa, don a zama ɗaya ake koya masa. Inda sabon shiga ya zauna kuwa, nan ƙwararre zai biyo shi, ko yana so ko ba ya so. Babbar gasar 2024 mutum 10,112 suka shiga, ta zarce ta 2006 ɗin da kake kira zamanin ganima.

Bashir: Yawan kai daban, daɗin wasa daban, Malam.

Hadiza: Ku ajiye shi nan, lokaci ya ci mu. Mako mai zuwa Bashir zai zo mana da bayanin Omaha mai kati biyar, mu ji ko shi ma kwamfutar ta kamo shi.