Ɗan ƙarfen ɓanɓara: ya cancanci wuri a aljihu?

Assalamu alaikum 'yan uwa. Ku dubi bakin wannan wuƙa da kyau. Tsininta ya karye, kuma ba wajen yanka ba. Ranar da muke gyaran shago a unguwar Zariya na so in buɗe gwangwanin fenti, na cusa tsinin a ƙarƙashin murfi, na danna, sai ji na yi ƙas. Wuƙar mahaifina ce, Allah ya jiƙansa, kuma har yau abin yana ci mini rai.

Shi ya sa na kawo muku wannan ɗan ƙarfe. Tsawonsa santimita 8 ne. Bakinsa a baje yake kamar na kurfi, sai dai ba shi da kaifi. Ga ɗan tsagi na cire ƙusa, ga kuma huji da za a rataya shi cikin makullai. Aikinsa guda ne: ya shiga inda yatsa ba ya shiga, ya ɗaga abin da ya maƙale.

To me ya hana wuƙa yin wannan aiki? Maƙeri yakan gasa ta, ya tsoma a ruwa ko a mai, don ta yi tauri ta riƙe kaifi. Amma taurin nan tare yake zuwa da gautsi, ga tsinin kuma siriri. Idan aka danna ta gefe, ba ta san lanƙwasa ba, karyewa take yi. Shi kuwa wannan, kaurinsa ya kai milimita 3 zuwa 4, kuma ba a ba shi irin wancan tauri ba. Ko an matsa masa fiye da kima, lanƙwasa zai yi, a buga ya miƙe. Makulli ma haka yake shan wahala a hannunmu, ƙarfensa mai laushi ne. Ɗan kabu-kabun da ya murɗe makullin babur wajen ɓanɓarar wani abu, aikin wuni ya tafi ke nan.

Ku duba yadda ƙarfi ke ƙaruwa. Na jingina shi a bakin gwangwani, santimita 1 daga tsini, saura 7 a hannuna. Duk ƙarfin da na sa, wajen ninki 7 yake isa ga murfin. Wannan ya isa murfin fenti, da ƙarafan da ake ɗinke kwali da su, da ƙananan ƙusoshi, da tsakuwar da ta maƙale a taya. Bai isa ɓalle katako ko cire tayar babur ba. Wannan sai dogon ƙarfe, kada wani ya ruɗe ku.

Wuri biyu ne nake roƙon ku da Allah kada ku kai shi. Na farko cikin waya: batirin litiyom idan aka huda shi yana iya kamawa da wuta, shi ya sa masu gyara ke amfani da na roba. Na biyu, duk inda lantarki yake.

Shin kowa ke buƙatarsa? A'a. Ku tuna makon da ya wuce, sau nawa kuka sa wuƙa, ko makulli, ko farce a aikin da ba nasu ba? Mai shago a babbar kasuwa da ke kwance kwali tun safe, da kafinta, da mai fenti, su kam ina ganin ya zame musu dole. Wanda wuninsa alƙalami da waya ne, ƙarin nauyi ne kawai da zai huda masa aljihu.

A intanet za ku ga na taitaniyom (wani irin ƙarfe mara nauyi), masu kyan gani da tsada. Gaskiya ne ba ya tsatsa, kuma nauyinsa bai fi rabin na baƙin ƙarfe da kaɗan ba. Amma a abu ɗan mitsitsi haka, bambancin 'yan giram ne, ni ban ga dalilin zuba masa jikkuna ba. Nawa maƙeri ne ya ƙera mini nan Maraɗi, daga guntun sifirin mota. Idan kun je, ku ce a baje bakin amma kada a wasa shi, a goge gefuna don kada su ci aljihu, kuma kada a tsoma shi a ruwa da zafinsa, a bar shi ya huce da kansa.