Alkafura da keken BMX: abin da bidiyon sakan goma baya nuna maka

Jama'a barkanmu da warhaka. Kalli wannan yaron da kyau, ya taho a guje, ya hau gangarar katako, ya tashi sama shi da keken suka juya ta baya gaba ɗaya ya diro kan taya biyu kamar ba abinda ya faru. Toh wannan ita ce alkafurar baya, kuma keken da yake kai shi ake kira BMX, ƙaramin keke ne mai taya inci 20, ba giya, sirdin a ƙasa sosai saboda ba don zama akayi shi ba. Yaran Kalifoniya a Amurka ne suka fara abin wajajen 1970, suna kwaikwayon masu tseren babur a cikin ƙasa da tuddai, daga baya irinsu Bob Haro suka maida shi wasan gwaninta.

Bari in rage gudun bidiyon ku gani. Da tayar gaba ta bar bakin gangarar sai ya wurga kansa baya ya janyo kan keken zuwa jikinsa, duk inda kai ya nufa jiki binsa yake. In ya dunƙule jiki juyin yayi sauri, in ya miƙe sai ya rage, kuma kafin ya gama juyowa dole idonsa ya hango inda zai sauka. Matsalar tana nan, in juyin bai cika ba abinda zai fara taɓa ƙasa shine kai da wuya, ga nauyin mutum ga na keke ga gudu duk a kansu.

Yanzu ka ninka wannan sau biyu a tsalle ɗaya. Dave Mirra ne ya fara yin alkafura biyu a cikin gasa, a X Games ta 2000, wato babbar gasar wasannin kasada ta Amurka, shi ne mutumin da ya tara lambobin yabo 24 a wannan gasar tsawon shekarun da yayi yana shiga. A 2001 wani ɗan Ingila Stephen Murray yayi ta a kan tudun ƙasa ya ci zinare, wato gwani ne na gaske, ya iya ta, ya sha yinta. Amma a watan Yunin 2007 a birnin Baltimore na Amurka ya tashi zai yi wannan alkafurar dai da ya saba, ya faɗo ta kai, ƙasusuwan wuyansa suka murƙushe, tun daga ranar daga kafaɗa zuwa ƙasa jikinsa baya motsi. Wallahi duk sanda na ga ƙananan yara a unguwa sun jingina katako a kan bulo suna tsalle kai ba hula sai gabana ya faɗi.

Shi kuma Mirra labarinsa yafi taɓa ni. Ya rasu a Fabrairun 2016 yana da shekara 41, shi ya kashe kansa, da likitoci suka binciki ƙwaƙwalwarsa bayan rasuwar sai suka samu cutar da ake kira CTE, wadda buguwar kai akai-akai ke kawowa, tana taɓa tunani da hali da mantuwa. Kaga kenan ba sai wuya ya karye ba, ƙananan faɗuwar nan da mutum zai tashi ya kaɗe wando yace ba komai, taruwa suke a ciki. Hular kwano tana kare ƙoƙon kai daga fashewa sosai, amma bata hana ƙwaƙwalwa girgiza a ciki, kuma bata kare wuya.

Mat Hoffman na Oklahoma ma, wanda ya fara juyin 900 a 1989, wato zagaye biyu da rabi a sama, saifarsa ta fashe a 1993 saura ƙiris ya tafi, tiyatar da aka masa tafi ashirin.

To ya akeyi suke koyo basu mutu ba? Nan ne bidiyon TikTok ke yanke maka labari. Akwai rami da ake cikawa da yankakken soso, mutum zai yi ta tsalle yana faɗawa ciki har jikinsa ya haddace juyin, sannan ya koma gangara mai laushi da aka shimfiɗa soso aka rufe da roba, sai a ƙarshe ya je kan katako ko siminti. Haka Jed Mildon na New Zealand ya bi kafin yayi alkafura uku a 2011, ya ƙara yin huɗu a 2015. Kuma suna koyon faɗuwa ita kanta, yadda zaka wurgar da keken gefe ka mirgina maimakon ka tokare da hannu.

Ku duba Charlotte Worthington ta Birtaniya a Olamfik ɗin Tokyo da akayi a 2021, karon farko da aka saka wasan gwanintar BMX a Olamfik. Ta gwada alkafurar baya haɗe da zagaye cikakke, abinda babu macen da ta taɓa yi a gasa, a gwajin farko ta faɗi, ta tashi, a na biyu ta dire lafiya ta samu maki 97.50 ta ɗauki zinare. A bidiyo na gaba zan nuna muku yadda ake ɗaga tayoyi biyu daga ƙasa ba tare da gangara ba, wanda shine matakin farko, ku nemo hular kwano kafin nan.